Ruwa Na Legas, Ƙishirwa Na Shanga



A makon jiya wani ɗan uwa ya rubuta a nan cewa lalaci ne ke hana marubutan karkara fitowa, tunda yanzu waya ɗaya ta isa mutum ya kai labarinsa duniya. Ban mayar masa da martani a lokacin ba, don sai bayan kwana biyu maganar tasa ta buɗe a wayata.

Ni a Shanga nake rubutu. Babin da zan tura wa masu karatuna a WhatsApp a takarda nake fara shi, in buga a waya da dare, sannan in zauna jiran sabis. Idan fayil ne mai nauyi, sai in ajiye shi sai ranar da zan shiga Yelwa. Datar wata guda mako biyu take yi mini, rabinta wajen sake tura abin da ya maƙale. Kuɗin da ɗan Kano ke biya shi nake biya, amma ba abu ɗaya muke samu ba.

In ka yi ƙorafi sai a ce maka ai intanet daga waje ake sayo ta, kuma da dala. Gaskiya ne kayan aikin da dala ake shigo da su, naira kuma ta faɗi. Amma kada a sa mu ɗauka intanet ɗin ce ta yi ƙaranci. Ta manyan wayoyin ƙarƙashin teku take shigowa, kuma sun yi yawa a gaɓar Legas: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, sai Equiano ta kamfanin Google a 2022, wadda aka tsara ta ɗauki terabit 144 a daƙiƙa ɗaya. A 2024 ga 2Africa ta sauka har a Akwa Ibom. Kaso kaɗan ne na wannan ƙarfin ake amfani da shi. Rijiya cike take, guga ne babu. Abin da ya rage shi ne wayar fayiba da za ta ɗauko shi daga bakin teku zuwa Wara da Birnin Yauri da Shanga, kuma nan ne kamfanoni ke lissafin riba su ga ba mu kai ba.

Mu mutanen bakin Kainji mun san irin wannan rabon. An kammala madatsar a 1968, aka tashi mutane sama da 40,000, ciki har da Gungawa da suka bar tsibiransu da gonakin kakanninsu. Aka girka injinan megawat 760, wuta ta bi manyan turaku ta nufi birane. Yau ƙarfen sabis da ke kusa da wannan tafkin da janareta yake aiki, ana zuba masa man dizal, kuɗin man kuma a cikin katinmu ake cire shi. Ranar da mai ya yanke, gari ya yi shiru.

Alkawari kuwa an sha shi. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ce za a kai kashi 70 cikin 100, karkara ta samu saurin megabit 10, gigabait ɗaya kuma kada ya wuce naira 390. Maimakon haka, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50. Akwai asusun USPF da aka kafa musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba. Wa ya taɓa tambaya ko za ta ratso ƙasar Yauri?

Asarar ba tamu kaɗai ba ce. Yarinyar da ta san rayuwar masunta, da haɗarin kwalekwale, da bikin Rigata, ba ta iya tura labarinta gasar Hikayata kafin a rufe. Sai adabinmu ya cika da gidan sama da motocin Abuja, mu dawo muna kukan cewa labarai duk iri ɗaya ne.

Don haka ina roƙon abu biyu. Na farko, alƙalami ne makaminmu: mu rubuta wa ɗan majalisarmu na Ngaski, Shanga da Yauri, da gwamnati a Birnin Kebbi, mu tambaye su ta ina fayibar za ta bi, kuma yaushe. Mu sa sunan gari da kwanan wata, kada mu tsaya a “Allah Ya kyauta”. Na biyu, mu gyara namu gidan. Darasin da aka yi da bidiyo ko murya a sa shi a rubuce, gasa kuma a ba ta wa'adi mai tsawo.

Shi kuma ɗan uwana mai maganar lalaci, ina gayyatarka Shanga. Masauki da kifi suna wuyana. Ka zo da wayarka, ka tura babi ɗaya daga tsakar gidanmu, sai mu ci gaba da muhawarar.