WANDA YA CI LADAN KUTURU, SHI ZAI YI MASA ASKI

Ya ku 'yan'uwa talakawa na Buza da Madawa da Keita, mazanku da matanku! A karanta wannan takarda a kowane reshe ranar kasuwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Maganarmu ta yau a kan garin Akokan ce, kusa da Arlit. Kada wani ya ce abin ya yi nisa da Adar. 'Ya'yanmu sun tafi can cin rani, wasu sun zauna sun hayayyafa. Uraniyom ɗin da aka haƙa kuwa ta hanyar Tawa motoci suka bi da shi zuwa Kwatano, mu muna bakin hanya muna shan ƙura.

Kamfanin Cominak ya fara haƙa a 1978, ya rufe ran 31 ga Maris 2021. Ya fitar da uraniyom tan dubu 75. Ya bar mana me? Tsibin dusar dutse mai guba wajen tan miliyan 20 a gefen gari. Gubar nan ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta. Iska ce ke ɗaukar ta zuwa huhu, ruwa ya kai ta rijiya. A 2009 mutanen Greenpeace sun auna titunan Akokan, suka tarar da wurin da tururin gubar ya ninka na ƙa'ida kusan sau 500, a kan hanyar da yara ke wasa.

Kamfanin Orano na Faransa, mai babban kaso, ya ce za a kashe Yuro miliyan 150 wajen gyara, a binne tsibin da yumɓu da dutse kaurin mita 2. To, madalla! Amma mu tambayi shugabanninmu. Gwamnatin Nijar, ta hannun Sopamin, tana da kashi 31 cikin ɗari na Cominak. Da ake rabon riba ba ta ce ba ruwanta ba. A watan Yuni 2025 kuma ta mai da kamfanin Somair na ƙasa. Mun yi murna, don dukiyar ƙasa ta 'yan ƙasa ce. Sai dai wanda ya karɓi rijiya ya karɓi yasarta. Mulkin kai da ya tsaya ga riba, ya bar wa talaka shara, mulkin mallaka ne ya sake rawani.

Masu cewa "a yi haƙuri, kuɗi na tafe" su dubi Bagega ta ƙasar Zamfara. A 2010 gubar darma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan can. Likitocin MSF suka ce ba amfanin ba yaro magani a mai da shi gidan da gubar take, sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. Gwamnatin Nijeriya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 a watan Mayu 2012, ba ta saki kuɗin ba sai Janairu 2013, bayan jama'a sun yi ta kuwwa. Wata takwas takarda na kwance kan teburi, yara na rarrafe cikin guba!

Masu cewa talaka bai iya aikin ba kuwa, su zo Adar. Tun 1984, da aikin raya ƙasar Keita, iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera kan fako, suka dasa itatuwa miliyoyi, faƙon da aka fid da rai da shi ya ba da hatsi. Hannu muna da shi. Gaskiya wajen riƙon kuɗi ita muke nema.

Don haka muna kira ga gwamnati:

1. Ta matsa wa Orano ya biya kasonsa har tamma ta ƙarshe, ita ma ta zuba nata cikin asusu dabam wanda ba a taɓa shi don wani abu.
2. A karanta lissafin asusun a rediyo da Hausa da Tamashek da sauran harsunanmu.
3. Masu awo waɗanda ba sa cin albashin kamfani su auna kowane titi da rijiya da lakwal, a manna sakamako a ƙofar magajin gari.
4. A fara ɗaukar tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu aikin gyaran, da kayan kare jiki.
5. Filin da awo ya tabbatar ya tsarkaka a danƙa wa jama'ar gari don kasuwa da lakwal da asibiti. Kada a yanka shi fuloti a raba wa manya.

Kowane reshe ya rubuta sunayen mutanen garinsa da suka yi aiki a Arlit da Akokan, da masu rai da waɗanda suka rasu, ya aiko wa sakatare kafin kasuwa biyu. Da wannan takarda za mu je gaban wakilan gwamnati, ba da roƙo ba, da haƙƙi.

Ƙasa tamu ce, samanta da ƙarƙashinta!

Daga reshen Allakaye.