Mu Kai Yaranmu Su Ga Taurari!

'Yan'uwa maza da mata, ku ɗaga kai ku dubi sama! Kakanninmu sun san ta. Sun san Zara matar wata, sun san Kaza da 'Ya'yanta. Gamzaki ne ke ta da fatake da asuba. Yau yaranmu sun san kowane lungu na waya, amma ba su san sunan tauraro ko ɗaya ba. Gyaran wannan a hannunmu yake.

Ku shirya mu je! A Lugbe, kan hanyar filin jirgin sama na Abuja, hukumar NASRDA da aka kafa a 1999 tana da ɗakin nuna taurari. Rufinsa ƙubba ce. Za a kashe fitila da rana tsaka, sai ga sama ta sauko kanku, taurari birjik. A nan yaro zai gane yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya har a yi husufi, irin wanda ya rufe ranar gaba ɗaya a sassan arewacin Najeriya da kudancin Nijar a 29 ga Maris, 2006.

Duk inda kuka sami madubin hangen nesa, ku ɗaga yaro ya leƙa. Ya ga ramukan da ke fuskar wata, daga nisan kilomita kusan 384,000. Ya ga zoben Zuhal. Ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari. Gani ya kori ji!

Malam, tara ɗalibanka ka rubuta takardar neman ziyara a wannan zangon. Alhaji, ɗauki nauyin mota guda. Hajiya, sa 'yarki a gaba, kada a bar mata a baya. Malaman Islamiyya, ku zo da naku, mu da azuminmu da sallarmu ke jiran ganin jinjirin wata. Matasa, ku yi karo-karo ku sayi madubi ɗaya na unguwa. Amma kada kowa ya kalli rana da shi, yana makantarwa.

Ranar 20 ga Maris, 2034, wani cikakken husufin rana zai ratsa Najeriya da Kamaru da Chadi. Ɗan firamare na yau zai iya zama mai yi wa jama'a bayaninsa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ku tashi, ku sa rana, ku kai su!