Lissafin Iskar Gas Daga Kashin Shanu: Alƙaluman Littafi Ba Su Wadatar Ba

Ɗalibin da ya buɗe littafin makamashi zai tarar an rubuta cewa kilo 1 na ɗanyen kashin shanu yana ba da kimanin kubik mita 0.04 na iskar gas, saniya kuma tana kasayar da kusan kilo 10 a yini. Idan gida mai mutum shida yana buƙatar kubik mita 2 don girkin yini, sai a raba 2 da 0.04 a samu kilo 50, wato shanu biyar. Lissafin daidai yake a takarda. Ni dai ina ganin wanda ya gina rami a kansa kawai, kuɗinsa zai bi ruwa.

Waɗannan alƙaluma an same su ne a ma'aunin zafi na kusan digiri 35, inda ƙananan ƙwayoyin halitta masu haifar da iskar mitan suka fi kuzari. Mitan ɗin shi ne mai kamawa da wuta, kuma yakan kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na iskar. Sauran galibi iskar kabon ce da ba ta ci. Da hunturu ya shigo Damagaram ko Maraɗi, dare ya yi sanyi, aikin ƙwayoyin nan yakan ragu, sai uwargida ta ga harshen wuta ya ƙanƙance a lokacin da ta fi buƙatar ruwan zafi.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kiwo. Shanun da ke wuni a daji can suke zubar da kashinsu, wanda ake iya kwashewa da safe a garke bai cika wuce rabi ba. Shanu biyar na takarda sun zama goma ke nan. Kashin da ya bushe a rana kuwa ya riga ya rasa wani ɓangare na amfaninsa.

Sai ruwa, wanda masu lissafi kan manta. Ana dama kashi da ruwa daidai wa daida, kilo 50 da lita 50, kullum. Lita 100 sau kwana 40 da cakuɗin zai yi yana ruɓewa ba tare da iska ba, rami mai kubik mita 4 ke nan, ban da wurin tara gas. A ƙauyen da mata ke jan guga a rijiya mai zurfi, lita 50 a kowace safiya ba ƙaramin aiki ba ne.

Shawarata ga mai ƙiyasi ita ce ya ɗauki sikeli ya auna kashin da ake samu a garke mako guda cur, a watan Janairu, ya gina lissafinsa a kan wannan adadi.