Raddi Ga Mai Cewa Wanda Bai Furta Ƙarya Ba Ya Kuɓuta

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da wani ɗan'uwanmu malamin makaranta a nan Dabai yake yaɗawa cikin ɗalibai, wadda ya tsinto daga hikayoyin Turawa na zamani, irin littafin The Cruel Prince na Holly Black da ya fito a Amurka a 2018, inda aka siffanta wasu aljanu waɗanda harshensu ba ya iya furta ƙarya, amma suna jujjuya gaskiya har su kai ɗan Adam ga halaka. Malam ya ce aljanun nan ba su da laifi, domin wanda kowace kalmarsa gaskiya ce ya sauke nauyi. Da maganar ta tsaya ga hikaya da ban tanka ba, amma tun da ya miƙa ta ga ciniki da rantsuwa, ya kafa mata hujjoji huɗu, amsa ta wajaba.

Hujjarsa ta farko ita ce ƙarya aikin harshe ce, in harshe ya kuɓuta mai shi ya kuɓuta. To, Malam ya dubi mutumin da zai kai saniya kasuwar Zuru, ya ƙi tatsarta kwana biyu don hantsarta ta cika, ya tsaya gefe bai ce uffan ba, mai saye ya ga hantsa ya biya kuɗin saniya mai nono. Wannan ita ce musarra ta littattafan fiƙihu, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ba mai saye zaɓi, ko ya riƙe ta, ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Haka mai tulin hatsin nan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin hajarsa ya ji danshi a ƙasa: da ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi gaskiya ya faɗa, duk da haka aka hukunta aikinsa algus, saboda ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙarƙashin busasshen. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya sani, ta jera ɓoye aibi tare da ha'inci cikin abin da bai halatta a ciniki ba.

Hujja ta biyu ita ce tauriyya, wato faɗin magana mai ma'ana biyu ana nufin wadda mai sauraro bai zata ba, kuma ita ce mafi ƙarfi cikin abin da ya kawo, domin ya tabbata Annabi Ibrahim ya kira matarsa Saratu 'yar'uwarsa yana nufin 'yan'uwantakar imani, Sayyidina Abubakar kuma a hanyar hijira ya gabatar da Annabi a matsayin mai nuna masa hanya yana nufin hanyar shiriya. Amma ai dukansu azzalumi suke gudu, rai da mutunci suke tsarewa, ba su kuma ci ko anini na kowa da wannan zance ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan hijira, ya fayyace a Azkar cewa tauriyya tana halatta in akwai maslaha ta shari'a, makaruhi ce in babu bukata, haram ce in an yi ta don cin dukiya da ɓarna ko danne haƙƙi. Malam ya ɗauki rangwamen da aka yi wa wanda aka zalunta ya miƙa wa mai zalunci.

Hujja ta uku ita ce rantsuwa tana bin niyyar mai yin ta. Wannan kuwa ya ci karo da hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim, wanda ya ɗora rantsuwa bisa niyyar wanda ya nemi a rantse masa. Saboda haka wanda ake bi bashi, ya tsaya gaban alƙali ya ce wallahi ba ya riƙe da kuɗin kowa a hannunsa, alhali sun kwana a ƙarƙashin katifarsa, ya yi rantsuwar gamusa, wato rantsuwar ƙarya da gangan, wayon lafazi kuma ba zai fisshe shi ba.

Hujja ta huɗu ita ce laifin na mai sauraro ne da bai yi tambaya ba. Ina tuna wa Malam al'adar golmo ta Lelna, inda saurayi da abokansa suke shekara da shekaru suna noma a gonar uban yarinya don neman aurenta, bisa magana ɗaya da dattawa suka yi, babu takarda babu hatimi. In aka yarda uba ya zo ranar ƙarshe ya ce shi fa 'ya ya yi alkawari bai ambaci wacce ba, babu saurayin da zai sake ɗaukar garma, babu kuma dattijon da za a sake saurara. Gari yana zaune ne bisa abin da mutane suka fahimta daga juna, wanda ya gina fahimtar da gangan kuwa shi ke da alhakinta.

Aljanun hikaya ma hukuncinsu yana cikin littattafanmu tun da daɗewa, domin lokacin da Shaiɗan ya gaya wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi ya gaskata zancen amma bai ɗauke wa mai faɗarsa sunan maƙaryaci ba. Ina roƙon Malam, don girman amanar yaran da ke gabansa, ya janye wannan fatawa a cikin ajin da ya faɗe ta. Allah shi ne mafi sani.