Ɗalibin Likita Da Akushinsa

Tun da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, mutanen garin nan suka san darajar yaron da aka tura neman ilmi mai zurfi. A yau babu abin da uba a Ƙofar Durbi ke alfahari da shi kamar a ce ɗansa ko 'yarsa na koyon aikin likita. Amma akwai wata cuta da ke bin waɗannan yara a ɓoye, kuma ya kamata malaman makaranta da akawuna su san ta.

A 2016 wata mujallar likitocin Amurka ta tattara bincike daga ƙasashe 47, aka tarar wajen 27 cikin ɗari na ɗaliban likita suna da alamun ciwon baƙin ciki, wanda ke kashe zuciya ya hana barci da walwala. Cikin waɗanda ya kama, ko kashi ɗaya cikin biyar bai kai ba wanda ya nemi magani.

Sau da yawa a wajen cin abinci ciwon ke fara bayyana. Wani ya ƙi ci sai ya rame, wani ya cika ciki fiye da kima sa'an nan ya je ya amayar a ɓoye. Mu kuwa sai mu ce himmar karatu ce, ko tsoron jarrabawa.

Abin lura shi ne cututtukan nan biyu kowace tana ciyar da 'yar'uwarta. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya gwada samari 36 lafiyayyu a Amurka, aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida. Baƙin ciki da fushi suka kama su, tunaninsu bai wuce abinci ba. Ashe yunwa kanta tana haifar da ciwon zuciyar da ke ƙara hana ci.

Ɗalibin likita ya fi kowa iya ɓoyewa, don ya san alamun, yana kuma tsoron a ce wanda zai warkar da mutane shi ne majinyaci. Saboda haka, a ganinmu, kada uba ya tsaya ga tambayar sakamakon jarrabawa. In yaro ya zo hutu, a zauna a ci tuwo tare da shi, uwa ta duba abin da 'yarta ta bari a kwano. In an ga rama da yawan shiru sun wuce mako biyu, a bar faɗa da gori, a kai shi wurin likitan da ba malaminsa ba.