ZANCEN KARKARA: Ladan mai tsaron icce

 A wannan wata zancenmu ya kai mu jihar Difa, wajen Shetimari da bakin Komadugu.

Duk wanda ya san wannan wuri ya san goruba da ɗakwara sun ragu. A ƙarshen shekarar 2014 dubban mutane suka ƙetaro kogi daga Damasak suna gudun tashin hankali, suka sauka Gagamari da kewaye. Kowace tukunya tana son icce, kowace bukka tana son dirka. Ba mu ga laifin wanda ya gudo da ransa ba. Amma daji ya ji jiki, rairayi kuma yana matsowa.

Ga tambayar da ake yi yanzu: in an biya mutum kuɗi don ya bar icce tsaye, zai bar shi? Dalilin biyan shi ne, icce ba mai gona kaɗai yake yi wa aiki ba. Yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana shanye hayaƙin da ke ƙara zafin duniya. Kowa yana cin moriya, mai gona kaɗai ke ɗaukar wahala. Ƙasar Kosta Rika ta soma irin wannan biya tun 1997.

Masana sun gwada abin a Uganda daga 2011 zuwa 2013, cikin ƙauyuka 121. A ƙauyuka 60 aka ce wa masu daji: wanda bai sare nasa ba zai karɓi shilin 70,000 a kowace hekta a shekara, wajen dalar Amurka 28. Sauran ƙauyukan ba a ba su kome ba. Bayan shekara biyu aka duba hotunan da aka ɗauko daga sama. Inda ba a biya ba, daji ya ragu da kashi 9 cikin 100. Inda aka biya, kashi 4 ne kawai. Ke nan ɓarna ta ragu da fiye da rabi. Sirrin abin shi ne, ba a biya sai an zo an ga itatuwa da ido. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Amma mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya sa hannu. Da yawa ba su ji labari ba, wasu kuma sun ji tsoron dabara ce ta ƙwace musu ƙasa.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana. Wajen shekarar 2006 aka soma dashen ɗakwara a kan fako, tare da taimakon Bankin Duniya. Garuruwa 26 suka shiga, cikin jihohi shida, har da Difa. An dasa hekta 7,200. Alkawarin shi ne za a auna hayaƙin da itatuwan suka shanye, a biya jama'a. An auna, aka samu sama da tan 150,000. A farkon 2020 Bankin ya ba da labarin biya na farko: dalar Amurka 450,000, wato sama da sefa miliyan 250.

Kuɗi ne masu kauri, kuma mun yi murna. Amma ku ƙirga shekarun. Wajen shekara 14 ke nan tsakanin dashe da biya. Yaron da aka haifa ranar dashe har ya isa riƙe hauya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, gaskiya ne, sai dai mai gidan da rumbunsa ya ƙare tun bazara ba ya iya jiran dutse ya nuna. Abin da jama'a ke iya morewa kafin kuɗi su zo shi ne ƙaro, da ciyawar da ke komowa ƙarƙashin itatuwa, da ɗan noman da ake yi tsakaninsu.

Mu tuna kuma da mutanen Maradi. Tun bayan yunwar 1984 suka shiga barin tohon itatuwa cikin gonakinsu, suna sassabe da lura. Ba a biya su kuɗin hayaƙi ba. Abin ya bazu har Damagaram, ana ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo. Me ya sa? Don manomi ya tabbata gawon da ya raina nasa ne, shi zai ci amfaninsa.

Saboda haka, mutanen Shetimari, in wani shiri ya zo muku da zancen biya don tsaron daji, kada ku kore shi, kada kuma ku dangwala hannu a gaggauce. Ku taru gaban bulama da magajin gari da ma'aikatan gandun daji, ku yi tambaya huɗu. Filin na wane ne, kuma an rubuta? Yaushe za a biya, kowace shekara ko sai bayan shekara goma? Wa zai ƙirga itatuwan da suka rayu? Ina rabon mata masu ɗibar ƙaro, da makiyayan da za a tare wa hanya, da baƙin da ke zaune tare da mu? In aka bar makiyayi waje, awakinsa za su shiga da dare. In aka bar baƙo ba icen girki, gatari ba zai huta ba.

Ga masu kawo shiri kuma, roƙonmu ɗaya ne: a biya kaɗan-kaɗan kowace shekara, lokacin da hatsi ya yi tsada, a gaban jama'a.

Allah ya ba jihar Difa zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.