Karen da Ya Ji Ciwo a Baya: Kada Mu Ja Shi

'Yan'uwa manoma, kare ne ke kwana a bakin rumbu, shi ke korar birai daga gonar masara. Amma ranar da mota ko amalanke ya buge shi, ya koma jan ƙafafun baya a ƙasa, sau da yawa mu ne muke ƙarasa shi. Mukan kama ƙafa mu ja shi gefen hanya, wani kuma ya ce a murza masa baya. Wannan kuskure ne. A cikin ƙashin baya akwai laka, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. Idan ƙashi ya goce, ja ko murza na iya tsinke ta, kuma lakar da ta tsinke ba ta haɗuwa.

Mu fara ɗaure masa baki da tsumma mai laushi, sai fa in yana amai ko numfashi da ƙyar, gama zafi kan sa kare ya ciji ko da maigidansa. Mutum biyu su zura katako ko tsohuwar ƙofa a ƙarƙashinsa, baya a miƙe, a kai shi wurin malamin dabbobi. Kada a ba shi ibuprofen ko paracetamol namu na gida. Suna iya kashe shi.

Malamin zai matse ɗan yatsan ƙafar da ƙarfi. Idan karen ya waiwayo ko ya yi kuka, akwai sa rai. Janye ƙafa kaɗai ba shaida ba ce. Daga nan sai haƙuri: ɗan ƙaramin wuri mai shimfiɗa busasshiya har mako 4 zuwa 6, ana juya shi kowane awa 4, ana lura ko yana fitsari, ana kare shi daga ƙuda. Aiki ne babba a tsakiyar damina, shi ya sa muke ganin ya kamata asusun maganin dabbobi na ƙungiya ya ɗauki kare kamar yadda ya ɗauki shanun huɗa. Wanda malamin ya ce ba zai tashi ba, gara a hutar da shi da a bar shi yana ruɓewa a bayan gida.

A kula: idan ba wanda ya ga haɗari, amma ƙafafu sun mutu, yana iya zama ciwon haukan kare. A rufe shi, kada yara su taɓa shi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar.